Dodon da Ya Sha Man Fitila

Samarin da ke zama bakin shagon cajin salula kusa da tasha sukan tsokane ni wai ni ne na fi kowa hutawa a Dakoro. Wai in soka kile, ɗan abin nan da ake zuba finafinai a ciki, a bayan tele, in danna, in jingina da bango, yara su yi ta kawo 'yan canjin da suka samo wurin iyayensu mata. Ba na jin haushi. Wanda bai taɓa jan guga ba gani yake ruwa da kanshi yake hawowa. Amma tun da wasu cikinsu sun fara zancen buɗe nasu gidan kallo, gara in faɗi yadda aikin yake, ko Allah ya sa wani ya ji.

Sunana Lawali. Gidan kallon yara gare ni a bayan kasuwar dabbobi, rumfar kwano ce da aka kewaye da zana, ƙasa kuma tabarmi. A Maraɗi na koyi aikin ina saurayi, wurin wani dattijo da ake ce wa Baba Nomau, wanda ya yi aikin silima tun kafin a rurrufe gidajen. Aikina na farko a wurinshi shara ce da kakkaɓe tabarmi. Daga nan na kai ga mayar da zaren kaset da bik na rubutu idan manyeto, na'urar kunna kaset, ya ci shi, da goge kan manyeton da ƙyalle mai laushi da ɗan alkol, ba da yatsa ba, don maiƙon hannu ɓata hoto yake. Na koyi gurup, injin da ke ba mu kuran, wato wutar lantarki: inda za a aje shi bayan katanga don ƙararshi kar ta danne magana, da yadda ake gane zai mutu tun daga canjin tarinshi. Waɗannan duk mai hankali zai iya su cikin wata guda.

Abin da ya ɗauke ni shekaru shi ne zaman da Baba Nomau ya sa ni. Idan an fara fim sai ya aje mani kujera a gindin tele, bayana ga hoto, fuskata ga masu kallo. Na yi ta ƙorafi, don kowa na kallo ni ina kallon bakunan mutane. Ran nan ya ce mani, "Fim ɗin nan ko sau ɗari ka sa shi ba ya canzawa. Waɗannan da ke zaune su ne ke canzawa. Su za ka koya." A wannan kujera na gane bambancin yaron da ya rufe ido yana leƙe ta tsakanin yatsu, wanda daɗi yake ji, da yaron da ya ƙame idonshi buɗe ko ƙiftawa ba ya yi. Na biyun shi ne uwarshi za ta zo da safe ta ce ya jiƙa shimfiɗa.

Baba Nomau bai taɓa sa kaset ɗin da bai kalla da kanshi daga farko har ƙarshe ba, kuma da ni yake kallo. Yakan tsayar ya tambaye ni ko zan so ƙanena ya ga wurin. Da na dawo gida na buɗe nawa, da wannan doka na zo. Kaset ya wuce, faifai ya zo ya wuce, yanzu kile ne da kat memuwar, ɗan katin nan na cikin salula, gurup ma na daɗe da maye shi da fano mai ɗaukar hasken rana da batir, amma dokar tana nan.

Kaset ɗin dodanni na farko da ya shigo hannuna wani ɗan kasuwa ne ya kawo mani shi cikin kayan Maraɗi. Desan anime ne, irin zanen nan mai motsi, kuma ya ce mani na yara ne, in sa kawai. Haka kowa ke cewa. Da an ga zane ne sai a ɗauka jariri ma zai iya kallo. Na zauna na kalla, sai ga wata halitta mai fuka-fukai kamar na jemage, jiki kamar na damo, tana aman wuta kan wani gari, sojoji na harbinta da masu. Ba jini ko ɗigo, amma ƙarar kawai ta isa ta kori ɗan shekara huɗu. Duk da haka labarin mai kyau ne, akwai zumunci da riƙon alkawari a ciki. Irin waɗannan su ne masu wuya. Fim marar kyau ba ya ba ka aiki, jefar da shi kake. Mai kyau wanda ke da wuri biyu ko uku masu nauyi, shi ne ke sa ka tunanin wa za ka nuna wa.

Yawancin yaranmu ba wanda zai kawo maka takardar haihuwa bakin rumfa. Sai na ɗauki dabarar da ake yi a lakwal, makarantar boko, da can: yaro ya ɗora hannu bisa kai ya kamo kunnen ɗaya gefen. Wanda bai kai ba, ƙarami ne. Na ƙara da duban haƙora, ko ya fara famfara ko da saura. Ƙanana nasu kallon da hantsi ne ran Asabar da Lahadi, zana a buɗe, haske na shiga, murya ƙasa-ƙasa. Manya bayan la'asar, a tashi kafin kiran magariba. An sha kuka a bakin ƙofata. Akwai masu miƙe wuya su karkatar da kai don yatsa ya taɓa kunne, akwai wanda ya taɓa girgiza haƙorinshi da gangan don in ce ya girma. Ban taɓa sassautawa ba, don ranar da ka bar ɗaya ya wuce saboda ɗan maƙwabci ne, doka ta mutu.

Sai fassara. Finafinan da Faransanci suke zuwa, yaran kuwa ko 'yan lakwal ba sa kama maganar da sauri. Tsaye nake gefen tele ina mayar masu da Hausa, kuma rabin aikin a nan yake. 'Yan lakwal daragon suke ce wa halittar, ni kuma da farko dodo nake cewa. Sai na lura da na ce dodo ƙananan sun fara matsawa jikin juna tun bai yi kome ba, don da sunan nan ake tsorata su a gida. Daga nan na raba. Mugun shi ne dodo. Na kirkin, wanda ake hawa, na sa mashi raƙumin sama. Yaran makiyaya suka fi kowa son sunan, har gardama suke ko ana yi mashi akala. Idan faɗa ya yi zafi nakan rage muryar tele in ɗaga tawa, in riƙa ba da labarin kamar mai ba da labarin kokawa, wane ya kama, wane ya zille. Yaro in ya ji muryar babba a natse, shi ma sai ya natsu.

Wata yarinya ce ta koya mani cewa awon kunne ba ya auna kome da kome. Rabi sunanta, daga Ajekoriya aka kawo ta wurin gwaggonta. Ta ci awo, haƙoranta ma na manya ne. A fim ɗin ranar akwai inda aka ɗaure uwar wani ɗan daragon da sarƙa aka ja ta, ɗan yana bin su yana kira. Ba duka, ba wuta. Yara maza ma hira suke suna jiran a koma yaƙi. Rabi ba ta yi kuka ba, tashi ta yi ta fita ta zauna gindin katanga ta haɗa kai da gwiwa. Na tsayar da fim na aika aka kira gwaggon, ita ce ta gaya mani uwar yarinyar ta rasu da bazarar nan. Tun daga lokacin na san faɗa ba shi ne ke kada yaro ba, rabuwa ce. Yanzu in an yi rashi a wani gida ina sane, kuma in ɗan gidan ya zo na san abin da zan sa da wanda zan aje sai wani jiƙon. Wanda bai san gidajen unguwarshi ba kar ya buɗe gidan kallo.

Muguwar shekarata kuwa, fim ɗin da ya jawo ta ba na yaƙi ba ne. Na ban dariya ne, a kile aka turo mani shi. Wani ɗan daragon ne wanda wutarshi ta ƙi fitowa, 'yan uwanshi na yi mashi dariya. A wani wuri sai ya sami fitila, ya kurɓi man da ke ciki, ya fesa kan kyandir, wuta ta tashi har ta babbake gemun wani tsoho. An zana wurin yadda dole ka yi dariya. Da na kalla ni kaɗai sai na mayar baya na sake kallo. Yaro ba zai iya tashi sama ba, ba zai sami mashi da garkuwa ba, amma kwalbar esansi, man fetur, tana kowane lungu na garin nan, ashana kuma tana kowane madafi. Na yanke shawarar in nuna fim ɗin in tsallake wurin. Haka na yi, ina zuwa nan sai in danna telekomand, madannin tele, in wuce, in cike giɓin da bakina.

Yara ba wawaye ba ne. Sun lura hoto ya yi tsalle, suka tambaye ni, na ce wurin ba nasu ba ne. Ashe fim ɗin ya riga ya shiga saluloli, masu tura finafinai a kat memuwar sun baza shi gari.

Akwai wani makiyayi a unguwarmu, Malam Agali, mutumin arewa ne da iyayenshi suka zauna nan tun da daɗewa, yana noma yana kiwo. Babban ɗanshi kabu-kabu yake yi, ƙaramin kuma, Yahaya, yana cikin masu zuwa wurina, bai daɗe da cin awon kunne ba. A salular wanshi ya ga fim ɗin cikakke. Wata ranar kasuwa da rana, manya duk sun fita, ya tara abokanshi bayan gidansu, ya ɗauko kwalbar esansin babur, ya kurɓa, wani ya ƙyasta mashi ashana.

Ina gyaran zana na ji ihun mata. Ko da na isa wata maƙwabciya ta riga ta lulluɓe shi da zane ta kashe wutar. Leɓɓanshi da haɓa da ƙirji da hannun dama duk sun ƙone. Aka kai shi likita, daga nan aka wuce da shi Maraɗi. Da aka tambayi abokan mi suke yi, suka ce wasan daragon. A Dakoro kuwa in an ce daragon, Lawali ake nufi.

Kwana biyu bayan haka mai unguwa ya aiko kirana. Na tarar da liman da dattawa a zaure. Ba wanda ya zage ni. Mai unguwa ya ce iyaye sun taru sun ce ba su yarda a ƙara nuna wa 'ya'yansu faɗa da wuta ba, don haka in rufe. Na yi bayani cewa wurin da yaron ya kwaikwaya ni ban nuna shi ba, a salula ya gani. Wani dattijo ya ce ko ma a ina ya gani, a rumfata ya fara koyon son abin. Wannan kuwa gaskiya ce. Na ce na ji, na je na kwance tele na naɗe tabarmi.

Na bi Yahaya da ubanshi Maraɗi dubiya. Malam Agali na zaune bakin ɗakin da aka kwantar da yaron, na yi sallama ya amsa, na miƙa hannu ya dubi wani wuri. Na aje ledar lemun da na kawo na juyo.

Damina ta faɗi rumfata a rufe. Na tafi ƙauyen Rumbu wurin wana muka yi noman gero tare, don gida ba ya jiran a gama shari'a kafin ya ci. Batir kuwa in ba a aiki da shi lalacewa yake, ɗaya ya mutu a wannan zaman. Mutane suka yi ta ba ni shawara in saida tele in sayi firji in riƙa saida ƙanƙara, ko in koma nuna wa manya ƙwallo, wanda ba mai tuhumarka a kai. Na ƙi. Duk ranar kasuwa in na shigo gari ina ganin yaran da ke zama gabana, sun dunƙule biyar-biyar a inuwar katanga kan salula guda, ba babba ko ɗaya kusa, suna kallon abin da ni ko manyan yara ba zan nuna wa ba. An rufe rumfar da ake gani, an bar wadda ke cikin aljihu. Na ce wa matata ko shekara nawa za a yi sai na buɗe, kuma da yardar iyaye zan buɗe, ba a ɓoye ba.

Kowace ranar kasuwa sai na biya na gaida mai unguwa. Ban roƙe shi ya buɗe mani ba. Abu guda na roƙa, a tara iyaye su kalli fim ɗin da idonsu, su yanke hukunci kan abin da suka gani. Ya yi ta ce mani in yi haƙuri. Da na ishe shi sai ya ce, "Lawali, ni ba zan tara mutane su kalli abin da ya ƙona ɗan mutum ba, uban yaron bai sani ba. In Agali ya yarda, na yarda."

Malam Agali kuwa ya bi dabbobinshi arewa, wajen Tagris, kamar yadda yake yi kowace damina. Na bar wa wana sauran maimai na shiga motar kasuwa. Daga inda mota ta aje ni sai da na yi ta tambaya wurin masu ban ruwa kafin wani mai amalanke ya kai ni masaukinsu. Na same shi da hantsi yana ɗaure wa wata raƙuma ƙafa. Ya gan ni, ya gama abin da yake yi, sannan ya shimfiɗa mani buzu ya ɗora shayi. Baƙo baƙo ne ko da ba a son ganinshi. Na tambayi jikin Yahaya, ya ce da sauƙi, yana gida wurin uwarshi, ya fara cin tuwo, amma hannun bai miƙewa sosai.

Sai da muka sha na farko na faɗi abin da ya kawo ni. Na gaya mashi yadda na ga wurin, da yadda na tsallake shi. Na ɗauka wannan zai sanyaya mashi rai. Sai ya aje kofi ya ce, "Ashe ka gani tun kafin kowa."

Na ce na gani.

Ya ce, "Mu nan daji, in mutum ya ga tsohuwar rijiya ta rufta ciyawa ta rufe bakinta, ba kewayewa yake da garkenshi ya yi shiru ba. Ƙaya yake sarowa ya aza, kuma duk wanda ya gamu da shi ya gaya mashi. Kai ka kewaye da naka ka yi shiru."

Na ce mashi ban zo in wanke kaina ba. Na ce, "Malam Agali, ƙayar ce na zo ka taya ni azawa. Rijiyar tana nan, tana cikin salular kowane saurayi, kuma iyayen ba su san kamarta ba. Su faɗa suke tsoro. In na faɗa da baki ba mai yarda, don za a ce rumfata nake nema. In kana zaune a wurin za su duba."

Ya mayar da butar shayi kan garwashi. Ya zuba na biyu, ya zuba na uku, ya koma zancen ciyawar bana da tsadar dusa. Da zan tafi ya raka ni har hanya, ya ce in gaida gida kawai. Na dawo Rumbu ban san ko na yi nasara ko na yi asarar kuɗin mota ba.

Bayan an gama yankan gero makiyaya suka fara gangarowa. Wata safiya mai unguwa ya aiko a ce mani Agali ya zo ya same shi, in kawo kayana ran Lahadi bayan la'asar.

A zauren mai unguwa na kafa tele, na ja waya daga batirin da ya rage mani. Maza suka cika ciki, mata suka tsaya ta ƙofar gida, liman a kan buzunshi, Malam Agali can gefe da rawaninshi ya rufe baki. Ba a bar yaro ko ɗaya ba. Na fara da wanda suke tsoro, na yaƙi, inda daragon ke ƙona gari. Wasu mata suka yi salati, wani tsoho ya ce wannan ai ba abin yara ba ne. Na ce gaskiya ne, shi ya sa ƙanana ba sa ganinshi a wurina, na kuma nuna masu yadda nake rage murya da yadda nake fassarawa. Na tambaye su ko akwai abin da yaro zai iya kwaikwaya a nan in ban da ya ɗauki kara ya bi ɗan uwanshi. Suka ce babu.

Sannan na sa ɗayan, ban gaya masu ko wanne ne ba. Ɗan daragon na ta tari hayaƙi na fita, 'yan uwanshi na tsokanarshi, ina fassarawa. Zauren ya saki jiki. Ya ɗauki fitila, ya kurɓa, kumatunshi suka kumbura, ya fesa, gemun tsoho ya kama. Dariya ta ɓarke, ta manya, har da mai tafa hannu. Sai dariyar ta fara yankewa daga gaba zuwa baya, kowa na tuna wanda ke zaune a gefe. Na tsayar da hoton. Ba wanda ya iya duban inda Malam Agali yake.

Shi ne ya fara magana, a hankali. Ya ce, "Kun yi dariya, kuma ba laifinku ba ne. Ni ma da ban ga bakin ɗana ba da na yi. To in mu da furfura mun yi dariya, yaro mi zai yi?"

An daɗe ana magana bayan nan. Wasu suka tsaya kan a bar rumfar a rufe, har yau ma akwai gidaje biyu ko uku da ba sa turo mani 'ya'yansu, kuma muna gaisawa lafiya. Wata mata ta ce ita damuwarta salula ce, don ɗanta babba ba ya jin maganarta. Liman ya ce shi ba mai son kallo ba ne, amma in dole yara sai sun kalla, gara a gaban wanda za a iya kira zaure a tambaya. A ƙarshe mai unguwa ya ce in buɗe, bisa sharaɗi: duk uwa ko uban da ya ga dama ya shigo ya zauna ba tare da an tambaye shi kome ba, kuma duk abin da na gani a fim mai haɗari, ko na nuna ko ban nuna ba, in sanar da iyaye. Na ce na ɗauka.

Haka nake yi har yau. In na ci karo da irin wurin nan, mai tsalle daga kan soro da laima, ko mai sa kai cikin leda, ko mai haɗiye abin da ba a ci, nakan bi masu saida abinci na bakin rumfa da majalisar bakin masallaci in faɗa, kafin yamma magana ta zaga unguwa. Manyan yara kuma na daina tsallake masu a ɓoye. Tsayarwa nake in ce ga abin da zai yi, ga abin da zai sami mutum in ya gwada, sannan mu wuce. Ƙanana dai ba sa gani sam. Masu tura finafinai na je na same su ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ji, wani ya ce shi kasuwa yake yi.

Ranar da na sake buɗewa yara ba su cika rabin tabarmi ba, mata uku kuma na zaune a baya da tsintsiyar kaba suna saƙa. Ana cikin kallo sai ga Malam Agali riƙe da hannun Yahaya. Tabon ya ja leɓen yaron ƙasa ta gefe guda, yaran suka zuba mashi ido. Uban ya zaunar da shi cikin 'yan uwanshi, shi kuma ya tsuguna bakin zana. Fim ɗin ranar na raƙumin sama ne, kuma na san gaba kaɗan akwai inda zai hura wuta ya kunna wa matafiya murhu. Na kai hannu ga telekomand. Malam Agali ya girgiza kai ya ce, "Bar shi. Ina nan." Wutar ta fito, Yahaya ya waiwaya ya dubi ubanshi, uban ya gyaɗa mashi kai, ya juya ya ci gaba da kallo.

Da aka tashi yara suka watse, Malam Agali ya tsaya ina naɗe tabarmi. Ya kwance bakin rawaninshi ya ciro wani ɗan abu ya miƙo mani. Kat memuwar ne, na salular babban ɗanshi. Ya ce shi bai san yadda ake duba abin da ke ciki ba, kuma ƙannen yaron duk a salular suke kallo.

Na ce mashi finafinan ciki za su yi yawa, zai ɗauke ni kwanaki.

Ya ce, "Ba sauri nake ba. Salular tana aljihuna har ka gama."

Na karɓa, na sa a tele, na jawo kujera, na fara daga na farko.